Kafin a Sa Hannu: Yadda Ake Bayar da Kwangilar Gina Ɗakin Gwaje-gwaje da Mutuware a Kaduna

Akwai ginin da in ɗan kwangila ya yi ha'inci a cikinsa, sai an shekara biyar kafin asiri ya tonu. Ɗakin gwajin cututtuka da ɗakin ajiye gawa ba sa cikin irin waɗannan. Ranar da aka ɗauke wuta yini guda a watan Afrilu, janareta kuma ya ƙi tashi, makwabta ma za su san irin aikin da aka yi a mutuware, wato ɗakin ajiye gawar. Ranar da aka buɗe kakin mai tarin fuka a ɗakin da iskarsa ke komawa baranda, ma'aikacin da ke zaune a wajen shi zai kwashi abin da kwamitin tanda, mai tantance masu neman kwangila, ya ƙi dubawa.

Na rubuta wannan jagora domin jami'in da fayil ɗin irin wannan aiki ya faɗo kan teburinsa, ko a Ma'aikatar Lafiya, ko a babban asibiti, ko a ƙaramar hukuma, da kuma 'yan ƙungiyoyin sa-ido masu son sanin inda ya kamata su zuba ido. Abin da kuɗin jama'a zai saya a nan shi ne sanyin da ba ya yankewa, da ruwan da ba ya ƙarewa, da iskar da ke bin hanyar da aka tsara mata. Duk abin da ba a rubuta a takardun tanda ba daga cikin waɗannan, kada ka sa ran ganinsa ranar miƙa makulli.

Da farko: kuɗin wa za a kashe?

Aljihun da kuɗin zai fito shi ke nuna dokar da za ka bi. In kuɗin jiha ne, kamar aikin da za a yi a Asibitin Yusuf Ɗantsoho na Tudun Wada, ko na Gwamna Awan a Kakuri, ko na Hajiya Gambo Sawaba a Zariya, to dokar bayar da kwangila ta Jihar Kaduna ta 2016 ce ke aiki, hukumar kula da kwangilolin jiha, KADPPA, kuma ita ce mai tsawatarwa. In na tarayya ne, irin Asibitin Koyarwa na ABU a Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, sai a koma ga dokar tarayya ta 2007 da hukumar kula da kwangilolin tarayya, BPP. In kuwa rance ne ko tallafi daga Bankin Duniya da makamantansa, ƙa'idojin mai kuɗin suna cikin yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu, a karanta ta.

Kowace doka tana da matakan kuɗi: abin da babban sakatare ko shugaban asibiti zai iya amincewa da shi, abin da sai kwamitin tanda ya zauna, da abin da sai an samo takardar sahalewa daga hukuma, ko ma an kai gaban majalisar zartarwa. Ana sabunta waɗannan iyakoki, don haka ka nemo takardar da ke aiki a bana ka sa ta a shafin farko na fayil. Alƙaluman doka da zan kawo a ƙasa na tarayya ne. Mai aikin jiha ya gwama su da na KADPPA.

Tambayi masu aikin kafin ka kira mai zane

Nan ne aka fi yin gaggawa, nan ne kuma ya fi cancantar a zauna.

Ɗakin gwajin asibiti na yau da kullum yana neman abin da ke damun majinyaci ɗaya. Ɗakin gwajin lafiyar al'umma kuwa aikinsa gano abin da ya shigo gari: kwalara, sanƙarau, ƙyanda, mashaƙo, zazzaɓin Lassa, da ingancin ruwan sha da abinci. Ba a nesa abin yake ba. A 2020 jihar nan ta yi fama da neman inda za a gwada korona, a 2021 kwalara ta kama fiye da mutum dubu 100 a faɗin Najeriya, a 2023 kuma mashaƙo ya ɓulla a Kafanchan. Sai ka tara jami'in sa-ido kan annoba na jiha, da masana kimiyyar ɗakin gwaji, da likitan cututtuka, su rubuta jerin gwaje-gwajen da za a riƙa yi a nan, da waɗanda za a ɗauki samfurinsu kawai a tura babban ɗakin gwaji na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da ke Gaduwa a Abuja. Wannan jeri shi zai haifi yawan ɗakuna, da na'urori, da ƙarfin wutar da za a ja.

Za a sami mai cewa a gina matakin kariya na uku, wato BSL-3, saboda sunan yana da daɗi a jawabin buɗe aiki. Ra'ayina, in ba za a riƙa rainon ƙwayar tarin fuka ko makamanciyarta a wurin ba, kada a taɓa. Ɗaki ne mai cin wuta dare da rana, mai buƙatar injiniyan iska na kansa, in kuma na'urarsa ta tsaya ya fi ɗakin da ba shi da ita haɗari, domin ma'aikata sun saki jiki. Cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa da ke Saye a Zariya tana da irinsa. Mataki na biyu da aka gina da kyau, mai akwatin aiki na kariya (wanda ake buɗe samfuri a cikinsa yana tace iskar) da tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, ya wadatar da mafi yawan aikin annoba. Littafin kariyar ɗakin gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na huɗu na 2020, kan wannan ya tsaya: a auna haɗarin aikin da za a yi, sannan a gina daidai da shi.

Mutuware kuma sai an san Kaduna kafin a zana ta. Musulmi ya rasu da asuba, kafin la'asar an kai shi makwanci. Iyalansa ba ajiya suke nema ba, so suke a sallame su da wuri, a ba su ɗakin wanka mai tsabta, mai famfo da teburin da ruwa ke tsiyayewa, da wurin shimfiɗa likkafani, da ƙofar da makara za ta fita ba sai an karkata ta ba. Mata ke wanke mata, don haka ɗakin na buƙatar sutura: ƙofa mai rufuwa ta ciki, taga a sama da tsayin mutum. Iyalan Kirista, musamman daga Kudancin Kaduna, sukan bar mamaci mako biyu, uku, wani lokaci wata guda, har dangi su hallara a kai shi gida. Su ajiya mai tsawo suke buƙata, da ɗakin sa magani, da wurin sa tufafi da akwati, da ɗakin da dangi za su shiga su gan shi cikin mutunci. Sai kashi na uku da ba mai tunawa da su a taron tsara aiki: waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su a hanyar Abuja ko ta Zariya, da gawar da 'yan sanda suka kawo ba a san danginta ba, da wadda kotu ke jiran sakamakon bincikenta. Su ne ke daɗewa, su ne ke cika durowa.

Saboda haka kada a kwafo yawan durowa daga zanen wani gari. A ɗauko rajistar asibitin ta shekara uku, a ga gawa nawa ke shigowa da kwana nawa take yi. A misali, in biyu ke shigowa a rana, kowace kuma tana yin kwana goma, gurbi 20 ya cika ke nan tun kafin babbar mota ta faɗi. Sai a ƙara sarari domin irin wannan rana. Wanda ya fi kowa sanin wannan lissafi shi ne ma'aikacin mutuware, mutumin da ba a cika ba shi kujera a taro ba. A ba shi. A gayyato limami da fasto da matan da ke wankan gawa su dubi zanen farko, za su nuna abin da injiniya bai taɓa tunani ba.

Fili da izini

A tabbatar da takardar fili a hukumar filaye ta KADGIS, a nemi izinin gini a hukumar tsara birane ta KASUPDA, a sanar da hukumar kare muhalli ta KEPA tun da wuri, domin dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ba ta ware ginin gwamnati ba. A yi gwajin ƙasa kafin a zana harsashi. A guji kwari da bakin kogi, kowa ya san abin da Kogin Kaduna ke yi a Agusta da Satumba. Motar ɗaukar gawa ta sami ƙofarta, kada ta bi ta gaban ɗakin haihuwa ko kicin. Sokawe ya nisanci kowace rijiya da aƙalla mita 30, har da ta makwabta ta bayan katanga. Mai unguwa kuma ya ji labari daga bakinku kafin ya ga tifa tana juye yashi.

Zane da ƙididdiga

Tun ran gini tun ran zane. Kowane ƙwararre yana da hukumar da ke yi masa rajista: mai zanen ya zama mai rajista da ARCON, injiniyoyin gini da na wuta da na iska masu rajista da COREN, mai ƙididdiga kuma da QSRBN. Sannan a kai zanen ɗakin gwajin ga hukumar MLSCN, wadda dokar 2003 ta ɗora wa kula da ɗakunan gwajin lafiya, ta duba shi yana kan takarda. Gyara a takarda fensir yake ci, gyara bayan an zuba dakin kuwa sai da guduma.

Ga abubuwan da nake nema da idona a zane da kuma takardar ƙididdigar kaya, wadda ma'aikata ke kira BOQ.

A ɗakin gwaji, samfuri ya shigo ta taga ɗaya, ya bi hanya ɗaya, shara ta fita ta wata. Gwajin PCR, mai gano cuta ta ƙwayoyin halittarta, yana buƙatar ɗakuna daban-daban: na haɗa sinadarai, na tace samfuri, na na'urar kanta, ba a komawa baya daga na ƙarshe zuwa na farko, in ba haka ba sakamakon ƙarya zai yi ta fitowa. Daɓe ya zama shafe ɗaya mara tsaga wanda ya ɗan hau bango, domin layin tayil matattarar datti ce. Tebura su zama waɗanda ba sa shan ruwa, ba katako mai fenti ba. Wurin wanke hannu a bakin ƙofa, famfonsa na gwiwar hannu ko na ƙafa. Tagogi su rufu ruf saboda ƙurar hunturu, wadda ke toshe matatar akwatin kariya tun kafin wa'adinta. Tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ta kai digiri 121. Firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili zafi take fesowa ta baya, sai an ba ta ɗaki mai na'urar sanyi ta kansa. A kuma auna faɗin ƙofofi da faɗin na'urorin da za su shiga. Na san ginin da sai da aka fasa bango sabo fil kafin akwatin kariya ya shige.

A mutuware, sanyin ajiya tsakanin digiri 2 ne zuwa 4, da 'yan durowa masu daskarewa domin gawar da za ta daɗe. A rubuta cewa kwampreso, wato injin da ke samar da sanyin, biyu za a sa, ɗaya na aiki ɗaya na jira, kuma irin na ƙasashe masu zafi da ke jure digiri 43, domin injin da aka ƙera don sanyin Turai yakan gaza a Maris da Afrilunmu. Kada a karɓi mai amfani da gas ɗin R22, duniya na kan daina shi, nan gaba samunsa zai yi wuya. A sa ƙararrawa mai kuka in sanyi ya ragu, da ma'auni mai ajiye tarihin sanyin. Ɗakin binciken gawa iskarsa ta sauya aƙalla sau 12 a awa, ta riƙa shigowa daga baranda tana fita ta saman rufi. Ɗakin sa magani ma haka, domin turirin fomalin, maganin da ake sa wa gawa, yana cin ido da huhun mai aiki a hankali.

Wuta ƙafa uku za a ba ta: layin Kaduna Electric, da janareta biyu masu karɓa da kansu, da sola mai batir da za ta riƙe firiza da ɗakin sanyi ko da sauran ginin na cikin duhu. Ruwa: bohol, tanki a sama da ƙasa, da na'urar tacewa. Ruwan da ya fito daga teburin gawa da ɗakin gwaji ya bi bututunsa daban, a kashe ƙwayoyinsa kafin ya shiga ƙasa. Na'urar ƙona shara ta zama mai ɗaki biyu da ke haura digiri 850, ba ramin bulo da bututun hayaƙi ba.

Kada a rubuta sunan kamfanin da ya ƙera na'ura, wannan ɗinka wa mutum ɗaya riga ne. A rubuta abin da na'urar za ta iya yi. Kada kuma a bar wuta da sanyi a layi guda da aka rubuta "kuɗin wucin gadi" a gabansa. Ta nan rabin ɓarnar ke shigowa.

Kuɗi a ƙasa, sannan talla

Doka ta hana fara neman ɗan kwangila sai aikin yana cikin kasafin da majalisa ta amince da shi, an kuma tabbatar akwai kuɗin. Ƙiyasin ya haɗa da na'urori, da horar da ma'aikata, da kayan gyara, da kula da injuna na aƙalla shekara biyu. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya koya mana cewa ƙiyasin bara ba ya aiki bana. A sabunta shi dab da talla, a kuma rubuta tun yanzu yadda za a yi lissafi in farashin siminti da rodi ya motsa. In da hali, a tsara yadda tonon harsashi zai faɗo a rani.

Ana iya kasa aikin gida biyu a fili, gini daban, na'urori daban, domin magini ba lallai ya san firiza ba. Wannan halas ne muddin talla ɗaya aka yi, aka kuma kai jimillar kuɗin gaban mai ikon amincewa da ita. Abin da doka ta kira laifi shi ne gutsuttsura aiki ɗaya, katanga yau, rufi gobe, don kowane gutsure ya tsaya ƙasa da iyakar da za ta kai shi gaban hukuma. In an kasa biyu, a naɗa injiniya ɗaya da zai haɗa su, kada mai gini ya rufe silin kafin mai na'ura ya ja bututunsa.

Tallar aikin tarayya tana fita a jaridun ƙasa biyu, da mujallar tanda ta tarayya, da shafin intanet da allon sanarwar ma'aikatar. Aikin jiha kuma yana bi ta shafin kwangila na KADPPA. Dokar 2007 ta ba masu nema mako shida, gyaran 2020 ya rage wa'adin ga wasu ayyuka. A irin wannan aiki ni dai ina ganin a ba da cikakken lokaci, domin mai gaskiya sai ya tambayo farashin injuna daga waje. Wanda aka riga aka raɗa wa ne kaɗai ke shiryawa cikin kwana goma.

Takardun cancanta sanannu ne: rajistar kamfani ta CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, ta hukumar fansho PenCom, ta asusun horar da ma'aikata ITF, ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, asusun da akanta ya tantance, da takardar banki. A aikin jiha a haɗa da shaidar hukumar harajin jiha, KADIRS, da rajistar KADPPA. Kuɗin jinginar tanda, wato lamunin cewa mai nema ba zai janye ba, ba ya wuce kashi 2 cikin ɗari na farashin da mai nema ya sa. Amma sharaɗin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne ya nuna ɗakin gwaji, ko tiyata, ko ɗakin sanyi da ya taɓa ginawa, da adireshin wurin. Gina ajujuwa 40 ba ya zama shaida a nan. A rubuta yadda za a ba da maki tun a takardun tanda, kada kuma a taɓa shi bayan an buɗe ambulan.

A kira taron ganin fili. Duk tambayar da mutum ɗaya ya yi, amsarta ta je wa kowa a rubuce.

Ranar buɗe akwati

In an ce ƙarfe 12 na rana, to 12 ɗin ce. Ana cika, sakatare ya ja layi a ƙarƙashin suna na ƙarshe a rajista, ya sa hannu. Wanda ya iso da minti biyar yana haki, yana cewa cunkoson Kawo ne ya riƙe shi, a ba shi haƙuri a mayar masa da ambulansa a rufe, ko ɗan wane ne. A buɗe akwatin nan take a gaban kowa. A ɗaga kowace ambulan a nuna hatiminta bai taɓu ba, a karanta sunan kamfani da jimillar kuɗi da babbar murya, wani ya rubuta a allo, masu nema su sa hannu a takardun junansu don kada a sauya shafi da dare. Dokar tarayya ta ce a gayyato 'yan kallo biyu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyar farar hula. A ba su kwafin sakamakon kafin su tashi. In ta intanet aka yi tandar, a haska allon kwamfutar kowa ya gani.

Tantancewa

Kafin a buɗe shafi ɗaya, kowane ɗan kwamiti ya sa hannu cewa ba shi da ɗan'uwa, ko suruki, ko hannun jari a cikin masu nema. Mai shi ya tashi, ba abin kunya ba ne. Kwamitin ya ƙunshi masanin ɗakin gwaji da injiniyan wuta da sanyi, kada ya zama 'yan gudanarwa da akantoci zalla.

Rariya uku ake bi. Ta farko takardu: sun cika, kuma na gaske ne? A tuntuɓi hukumomin da suka bayar da su, a rubuta wa bankin da aka ce ya tsaya. Ta biyu ƙwarewa, kuma wannan ba a zaune ake yin ta ba. A shiga mota a je wurin da ya ce ya gina. Kada a tsaya a ofishin shugaban asibitin, a zagaya baya a sami mai kula da injin a tambaye shi: sau nawa ya lalace, in an kira su suna zuwa, ina ake samo kayan gyara? A kira injiniyan da aka sa takardunsa a tanda a ji ko ya ma san an sa sunansa, domin hayar takardun ƙwararru ta zama sana'a. Sai rariya ta uku, farashi, ga waɗanda suka tsallake biyun farko kaɗai.

Doka ba ta ce a ba mafi araha ba. Cewa ta yi a ba mafi ƙarancin farashi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa bayan an tantance. Wanda ya zo ƙasa da ƙiyasin gwamnati da nisa, a rubuta masa ya fayyace yadda zai sayi kwampreso biyu da wannan kuɗi. Sau da yawa ko bai fahimci aikin ba, ko yana shirin dawowa neman ƙari bayan ya tone rami. A duba kuma wanda ya tula kuɗi a harsashi da bulo ya bar wuta da sanyi a rame. Irin wannan yakan kwashi ribarsa a wata uku na farko ya ɓace. In aka ga kamfanoni uku da kuskuren rubutu iri ɗaya, ko lambar waya ɗaya, ko takardun banki masu lambobi a jere, to mutum ɗaya ne ya sa hula uku.

Waya za ta zo daga sama, ba sai na ɓoye ba. Abin da ke kare ƙaramin jami'i shi ne rubutu: rahoton da ya faɗi dalilin faɗuwar kowane kamfani, da sa hannun kowa, da ra'ayin wanda bai yarda ba a haɗe. Mai son a sauya sakamako a roƙe shi cikin ladabi ya rubuto umarninsa. Dokar tarayya ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba, babu zaɓin tara, da kora daga aiki ga jami'in da aka kama, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara biyar da tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin. Fayil ɗin shekara goma ake ajiye shi. Mai wayar yana iya barin kujera, sa hannunka na nan.

Amincewa, ƙorafi da yarjejeniya

Rahoto ya tafi ga mai ikon amincewa, a karɓo takardar sahalewa in kuɗin ya kai, sannan a sanar da wanda ya ci da waɗanda suka faɗi. Mai ƙorafi yana da kwanakin aiki 15 ya rubuta wa shugaban ma'aikatar, shi ma yana da 15 ya amsa. In bai gamsu ba ya kai BPP cikin kwanakin aiki 10, ita kuma ta yanke cikin 21, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya. Kada a ɗauki mai ƙorafi abokin gaba. Sau da yawa shi ke nuna ɓarakar da kwamiti bai gani ba.

Takardar ba da aiki ba ita ce yarjejeniya ba. Kafin a sa hannu, ɗan kwangila ya kawo lamunin kammala aiki, wanda bai gaza kashi 10 cikin ɗari ba. Kuɗin kafin alƙalami a dokar 2007 kashi 15 ne, gyaran 2020 ya ɗaga iyakarsa zuwa 30, kuma ba a sakinsa sai da lamunin banki ko na inshora mara sharaɗi. Iyaka ce, ba dole ba ce a ba da duka. Bayan shi, ba a ƙara biyan ko kwabo sai injiniya ya auna aikin da ke ƙasa ya ba da shaida. Ita ma gwamnati ta san nata: biyan da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takarda ya zama jinkiri mai jawo ruwa, kuma yawancin gine-ginen da ciyawa ta cinye daga nan suka fara.

A rubuta waɗannan ɓaro-ɓaro: ba a sayar da kwangilar ga wani, ba a sauya injiniyan da aka gabatar sai da izini, tarar kowane mako na jinkiri, ba ƙarin aiki ko ƙarin kuɗi sai a rubuce kafin a yi, takardar wakilci daga kamfanin da ya ƙera kowace na'ura, da awannin da mai gyara zai iso in ɗakin sanyi ya tsaya. A riƙe kashi 5 cikin ɗari na kowane biya, kamar yadda aka saba, har wa'adin gyaran aibu ya cika.

Daga tona rami zuwa karɓar makulli

A kafa allo a bakin fili mai sunan aiki, da kamfani, da wa'adi, don jama'a su iya kai rahoto ta manhajar Eyes and Ears ta jihar. A ware wuraren da aiki ba ya wucewa sai an duba: rodi kafin a zuba kankare, samfurin kankare a gwada ƙarfinsa a kwana 7 da 28, bututun ƙasa kafin a rufe shi da daɓe. Masanin ɗakin gwajin da ma'aikacin mutuwaren nan su riƙa zagayawa duk wata.

Ranar karɓa, a ajiye almakashi da kyalle tukuna. A ɗebo ruwa bokiti guda a sheƙa a tsakiyar ɗakin wanka da na binciken gawa, a tsaya a ga ko zai bi magudana ko zai kwanta a lungu. A riƙe siririyar takarda a ƙasan ƙofar ɗakin binciken: in ta karkata ciki, iskar na tafiya daidai, in ta yo waje, ba a gama aiki ba. A kashe babban layin wuta ba tare da an gaya wa kowa ba, a duba agogo a ga daƙiƙa nawa janareta zai ɗauka, sannan a kashe shi shi ma a ga ko batir zai riƙe. A kunna ɗakin sanyi kwana uku a jere ana karanta ma'auninsa, a kashe kwampreso ɗaya a ga na biyun ya karɓa. Akwatin kariya kuma sai ƙwararre ya gwada shi a inda aka girke shi ya manna shaida, za a kuma maimaita haka duk shekara.

A karɓi zanen ginin yadda aka gina shi a zahiri, da littattafan injuna, da kayan gyara a ƙirge, da sunayen ma'aikatan da aka horar. Tun wata shida kafin wannan rana ya kamata a ce an tura ma'aikata, an kuma buɗe layin man janareta da sinadarai a kasafin shekara mai zuwa. Kuɗin da aka riƙe kuwa, a tsara wa'adinsa ya zama wata 12, yadda ginin zai ga damina ɗaya da bazara ɗaya kafin a sake shi. In rufi zai yi yoyo Agusta za ta nuna, in kwampreso zai gaza Afrilu za ta nuna, kuma a lokacin ɗan kwangila yana da sauran kuɗi a hannunku da zai sa ya ɗaga waya.